Ƙarfe Bakwai Daidai

A Tibilisi, hawa na tara,
inda lif ba ya ɗaga mutum sai an jefa masa kwabo,
Tornike ya manta da shayinsa har ya huce,
ya rubuta layi goma sha ɗaya.
Ba waƙa ba, umarni:
buɗe tagar hira, nemo sunan Tsiala,
zuba gaisuwa, danna koren maɓalli,
kwanta sai gobe.

Gaisuwa bakwai ya ɗura masa a jaka,
ya ce ya riƙa zaro ɗaya ido rufe
don kada ta gane.
Ya ɗaure shi a bayan burauza
kamar kare a bakin ƙofa,
ya bar kwamfuta a kunne, ya tafi aikin dare.

Ƙarfe bakwai daidai:
Inna, kin tashi lafiya?

Can ƙauye, gaba da Ambrolauri,
inda ƙanƙara ke danne kurangar inabi,
waya ta motsa a aljihun rigar sanyi.
Tsohuwa na tsugune gindin saniya.
Ta goge hannu, ta amsa da yatsa ɗaya:
Lafiya lau. Ja ta ƙi cin ciyawa.
Wata safiyar: Bidzina maƙwabcinmu ya cika,
ranar Talata za a kai shi.
Kashegari saƙo ya iso da fara'arsa:
Barka da asuba, Inna, yau ma rana ce mai kyau!

Layi goma sha ɗaya,
duk baki ne, babu guda mai kunne.

Wata huɗu amsoshi na taruwa
kamar wasiƙu a gidan da aka yi ƙaura.
Yakan ga adadinsu a jirgin ƙarƙashin ƙasa,
ya ce anjima,
barci ya riga anjima zuwa.

Sai ran nan masu shafin suka yi gyara,
suka sake wa maɓallin suna.
Abin ya tashi a kan lokaci, ya lalubi bango,
bai sami ƙofa ba.
Ya bar jan layi ɗaya a lungun da ba mai leƙawa,
ya yi shiru.
Safiya ɗaya. Biyu. Uku.

Ta huɗu, da tsakar rana, waya ta tashe shi.
Ba saƙo ba, murya,
da kukan kaji a bayanta.

Yaron naka ba shi da lafiya ne?
Wane yaro, Inna?
Wanda ka ɗauka yana gaishe ni.
Tun makon farko na gano ku.
Kai da ko haihuwarka sai da ka ƙara kwana goma sha biyu,
yaushe ka san ƙarfe bakwai?
Ga shi ba ya tuntuɓe a rubutu.

Ya zauna a bakin gado, ƙafa ɗaya ba safa.
To me ya sa kike amsa masa?

Wanda ya gaishe ka ai sai ka amsa.
Kuma muddin yana zuwa
na san ka biya kuɗin wuta,
na san akwai rufi a kanka.
Da ya ɗauke kwana uku, sai na ce ko...
Ba ta ƙarasa ba. Ta tsawata wa kaza.

Gyara shi, in ji ta. Na saba da shi.
Amma kai ma ka riƙa leƙowa.

Gyaran kalma ɗaya ne, bai kai minti ba.
Karatun ne ya cinye yammacin.
Ya ja hirar sama, sama, har farkon sanyi:
Ja ta warke, ta haifi maraƙi.
An binne Bidzina cikin ruwan sama.
Rufin ɗakin girki na yoyo tun Disamba,
sau biyar ta faɗa,
sau biyar aka ce mata rana ce mai kyau.

Ƙarfe biyar da minti arba'in da uku
ya rubuta da babban yatsa:
Asabar zan zo da kwno da ƙusa.
Ya ga harafin da ya faɗi.
Ya bar shi haka, ya aika.